Rassa 14, kaka da jika, kuma ba mai jin wani: ta ina zan fara?

Assalamu alaikum. Ni ɗan Arewa ne, karatu ya kai ni Amurka, na gama na samu aiki na zauna. Tun ina aji biyu a jami'a na shiga ɗaya daga cikin ƙungiyoyin 'yan'uwantakan nan na maza masu suna da haruffan Girkanci. Bana aka ɗora mini aikin sakataren sadarwa na shiyyarmu: rassa 14 a jihohi 5, tara na ɗalibai, biyar na waɗanda suka gama. Rajistar da na gada tana da sunaye wajen 2,300, daga yaro ɗan shekara 19 har dattijon da ya haura 80. Na aika imel ɗin taron shekara, kusan kashi ɗaya cikin uku ya dawo mini. Na buɗe zauren WhatsApp na zuba kowa, ko mako biyu ba a yi ba aka kaure da cacar baki, wani dattijo ya ce yaran yanzu 'yan takarda ne, yaran suka fice. Dattawa na cewa ba a tuna su sai za a karɓi kuɗi, yara na cewa dattawa ba su da aiki sai faɗa da labarin zamaninsu. Abin da ya fi ƙona mini rai, na aika wa wani dattijo takardar neman gudummawa, matarsa ta kira ni tana kuka, ashe ya shekara biyu da rasuwa. Ga shi a gida Hajiyata ta ji an ce ina cikin ƙungiya, hankalinta ya tashi, tana zaton ta asiri ce. Wace manhaja ce za ta haɗa mini mutanen nan wuri ɗaya? Ko dai in ajiye aikin?

Daga wani mai karatu, mazaunin Amurka

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ajiye aikin. Amma manhajar da kake nema babu ita, ko da akwai ma ba za ta yi maka magani ba. Mutumin da ya shiga ƙungiya a 1965 da yaron da ya shiga bara ba wuri ɗaya suke jin labari ba, kuma ba dole ba ne su koma wuri ɗaya. Abin da ya wajaba ya zama ɗaya shi ne rajista, da labarin da ake bayarwa. Hanyoyin kai labarin kuwa, ko sun kai huɗu ba su yi yawa ba.

Kafin komai, matar nan. Kira ta cikin makon nan da bakinka, ka yi mata ta'aziyya, ka ba ta haƙuri, kada ka kawo uzurin cewa haka ka gaji rajistar. Sannan a bi da takardar ta'aziyya rubutun hannu, shugaban shiyya ya sa hannu, tare da wani tsaran mamacin da suka shiga ƙungiya lokaci ɗaya. Ka tambaye ta ko tana son a ci gaba da aiko mata da mujallar ƙungiya. Wasu matan suna so, wasu kuma duk ambulan da ya zo da sunan maigida fama musu miki yake yi. Abin da ta zaɓa shi za ka rubuta a gaban sunansa. Ka kuma sanar da hedikwata, domin ƙungiyoyin nan da yawa suna da jerin mamatansu da ake karantawa a babban taro, wasu ma reshen Omega suke kiransa, kuma da wuya sunansa ya shiga in ba wanda ya kai rahoto.

Batun Hajiya ba mai wuya ba ne in ka bi ta inda tsoronta ya fito. A jami'o'in Najeriya ƙungiyoyin ɗalibai masu rantsuwa sun rikiɗe sun koma na sara-suka, don haka duk uwar da ta ji irin wannan dole gabanta ya faɗi. Nuna mata abin da ido zai gani: rajista a jami'a, ofis mai adireshi, mujalla mai ɗauke da sunayen shugabanni da hotunansu. Al'adar ta faro tun 1776 da ƙungiyar Phi Beta Kappa a kwalejin William and Mary ta jihar Bajiniya. Alpha Phi Alpha, wadda ɗalibai baƙaƙen fata suka kafa a jami'ar Cornell a 1906, Martin Luther King ɗanta ne. Nnamdi Azikiwe da Kwame Nkrumah duk 'yan Phi Beta Sigma ne, daga zamansu na karatu a can. Sai dai kada ka rantse mata cewa babu abin ɓoye ko kaɗan. Akwai bikin shigarwa da ba a faɗa wa bare, akwai kuma rassan da giya da azabtar da sababbin shiga suka zubar wa mutunci. Faɗa mata gaskiya, ka faɗa mata inda ka tsaya saboda addininka.

To, me ya sa kashi ɗaya cikin uku ya dawo? Reshen ɗalibai kamar tashar mota yake, ba mai kwana. Cikin shekara huɗu kowa ya sauya, shugabanni kuma duk shekara ake zaɓen sababbi. Sakataren reshe zai buɗe adireshin Gmail da shafin Instagram da lambar wayarsa, watan Mayu ya yi ya karɓi digiri ya tafi da kalmar sirri a kansa. Imel ɗin da jami'a ta ba shi, wanda shi ne a rajistarka, jami'o'i da yawa rufe shi suke yi bayan an gama. Sannan ya yi ta sauya gidan haya yana bin aiki. Dattawa kuma nasu daban ne: mutum ya yi shekara 30 a gida ɗaya, ya yi ritaya, imel ɗin ofis ya mutu, ya sayar da gidan ya koma Fulorida ko kusa da 'ya'yansa, ya yanke tsohuwar wayar gida. Rajistarka tana ruɓewa ta kai da ta gindi, kowane ɓangare da dalilinsa.

Don haka wata biyun farko ka ba rajista, ka rage aika saƙo. Fara da hedikwata. Ita ke da babban kundi mai lambar kowane ɗan ƙungiya, kuma kuskuren da sakatarori suka fi yi shi ne su gina nasu kundin a gefe, bayan shekara uku a samu kundi huɗu kowane da tasa gaskiyar. Nemi na shiyyarku daga can, ka gwama da naka, duk gyaran da ka yi ka mayar musu. A jadawalin, bayan suna da waya da imel da adireshin gida, kada ka rasa waɗannan: reshen da mutum ya shiga da shekarar da ya shiga, garin da yake yanzu da reshen da ya fi kusa da shi, hanyar da shi da kansa ya ce a riƙa nemansa, ko ya yarda a turo masa tes, da kuma matsayinsa, wato an same shi, ya ɓace, ya rasu, ko ya ce a ƙyale shi. Gurbin da ya fi duka amfani, wanda kusan kowa ke mantawa, shi ne ranar da aka tabbatar da bayanin da sunan wanda ya tabbatar. Adireshin da ba shi da kwanan wata jita-jita ne.

Kai kaɗai ba za ka iya neman mutum 770 ba, kuma ko ka kira ba za su ɗauki baƙuwar lamba ba. Raba sunayen da suka dawo bisa reshe da shekarar shiga. Waɗanda aka shigar tare sun san inda juna suke ko da rajista ba ta sani ba. Tare suke zuwa bikin 'ya'ya da jana'iza. A kowane reshe nemi mutum ɗaya ga kowace tazarar shekara biyar, ka ba shi sunaye 30, kada su wuce haka, ka ba shi mako biyu. In kowa ya ɗauki 30, mutum 26 sun ishe ka. In ka ba mutum sunaye 100 zai ce to, ya ajiye. In ka ba shi 30 na abokansa, daren ranar zai fara kira, don hira ce ta same shi.

Gidan wayar Amurka ma zai yi maka rabin aiki. Yana ajiye bayanan waɗanda suka sanar da sauya gida har na wata 48, kuma kamfanonin buga takardu masu lasisi suna gwama rajista da wannan kundin a kan kuɗi kaɗan. Aikawar farko ka yi ta da kan sarki mai daraja ta ɗaya ko da ya fi tsada, domin irin wannan wasiƙar ana bin mutum da ita sabon gidansa har wata 12, in kuma ba a same shi ba a dawo maka da ita. Wasiƙar da ta dawo labari ce, ka gyara rajista da ita. Farashin aika tarin takardu ya fi sauƙi, daga guda 200 yake farawa, amma wanda bai isa ba zubar da shi ake yi sai in ka biya kuɗin dawowa, kuma ana so a ce an sabunta adiresoshin cikin kwana 95 kafin aikawa. Wannan sai rajista ta yi tsabta. Kuma duk wanda ya shiga kafin 1975, kada takarda ta fita da sunansa sai an rubuta sunan da garinsa a intanet an duba sanarwar mutuwa. Minti ɗaya ne a kan kowane suna. Ofishin tsofaffin ɗalibai na jami'a ba zai ba ka adireshin kowa ba, amma da yawa sukan yarda su aika saƙonka a madadinka in mai ba reshe shawara ya nema a rubuce.

Yanzu imel. Daina aikawa daga Gmail ɗinka. Iyakarsa mutum 500 a rana, in kuma ka jera adiresoshi a fili ka tona lambar kowa ga kowa, mutum ɗaya ya danna amsa wa duka a kwana ana ta. Yi amfani da kamfanin aika saƙonni irin Mailchimp ko Constant Contact, da adireshi mai sunan ƙungiya. Ka sa wani ɗan'uwa mai aikin kwamfuta ya saita abubuwa uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC. Hatimi ne da ke shaida cewa saƙon daga gare ku ya fito. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara a kan wannan. Dokar da ta fi tsanani ta masu aika 5,000 a rana ce, amma ƙaramin mai aikawa ma in ba hatimi a kwandon shara saƙonsa ke ƙarewa. Sun kuma sa iyaka: masu ƙorafin cewa saƙonka tarkace ne kada su kai kashi 0.3 cikin 100, wato mutum uku cikin dubu. Ga inda abin dariyar yake, dattawa da yawa maɓallin tarkace suke dannawa in sun gama karantawa, a zatonsu gogewa ne. Faɗa musu a takarda, cikin ladabi.

Kada ka loda tsofaffin adiresoshi 2,300 ka harba lokaci ɗaya. Kamfanin zai ga yawan waɗanda suka dawo ya dakatar da asusunka. Fara da waɗanda aka tabbatar, 200 zuwa 300 a kowane zubi. Saƙon ya zama gajere, domin Gmail yana datse duk wanda ya wuce kilobayit 102, kuma abin da ke ƙasa, galibi ranar taro da wurin cire suna, shi ke ɓacewa. Sa adireshin ofis da hanyar cire suna a kowane saƙo. In akwai sayar da tikitin liyafa ko huluna a ciki, dokar Amurka ta 2003 a kan saƙon talla ta imel ma ta wajabta, kuma wanda ya ce a cire shi kwanakin aiki 10 gare ka. Adadin waɗanda aka ce sun buɗe saƙo kuma kada ya ruɗe ka, tun 2021 wayoyin Apple ke buɗewa da kansu. Ƙirga masu amsawa da masu yin rajistar taro.

Takarda kuwa kada kowa ya ce maka zamaninta ya wuce. Alpha Phi Alpha tana buga mujallarta The Sphinx tun 1914, kuma ba don rashin sanin intanet ba ne. Sau biyu a shekara ya isa, shafi huɗu, baƙin rubutu a farar takarda, girman harafi 13 ko 14. Dattijo in ya buɗe, sunaye yake fara nema: wa ya rasu, wa ya yi ritaya, jikan wa ya gama digiri, wane reshe ya shigar da mutum nawa. Kowane suna ka bi shi da reshe da shekara, in ba haka ba labarin bai cika ba a wurinsu. A ƙasan shafin ƙarshe sa lambar mutum mai rai da zai ɗauki waya, da ambulan na mayar da cek. Lambar QR ka sa ta a gefe don masu so. Waɗanda suka zaɓi takarda kaɗai za ka buga wa, ba duka rajista ba, sai kuɗin ya zo da sauƙi. Amma kada ka yanke wa kowa hukunci da shekarunsa. Akwai ɗan 78 da ya fi ka zama a Facebook, akwai ɗan 35 da ba ya buɗe komai sai tes. Tambaya za ka yi.

Zauren WhatsApp ɗin nan rufe shi, ko ka mayar da shi na sanarwa zalla inda shugabanni kaɗai ke rubutu. Mu ne muka ɗauki WhatsApp kamar ruwan sha, Amurkawa da yawa ba su damu da shi ba, ɗalibai sun fi zama a GroupMe da Instagram da tes na waya. Kuma zauren yara nasu ne. Kada ka nemi shiga, kada ka tura musu dattijo ya sa ido. Aika wa sakataren kowane reshe layi uku, me, yaushe, ina, da mahaɗin rajista, shi ya saka da bakinsa. Yaro ya fi jin ɗan ajinsu. Tes na kai tsaye ka ajiye shi don abu biyu, rasuwa da tunin taro ana gobe, harafi 160, kuma ga waɗanda suka ba da izini kawai, domin tun 1991 akwai doka a kan kira da saƙon da na'ura ke aikawa.

Sai maganar 'yan takarda, wadda ita ce ainihin ciwon. Daga wannan kalmar muna zaton ƙungiyarku tana cikin manyan ƙungiyoyi tara na baƙaƙen fata, biyar na maza huɗu na mata, waɗanda majalisarsu ta kafu a jami'ar Howard a 1930. A da, mai son shiga sai ya yi makonni cikin horo: tafiya a layi, tufafi iri ɗaya, aike, haddar tarihi, a wasu wuraren har da duka. Bayan an yi ta samun raunuka har da rasa rai, a 1990 shugabannin ƙungiyoyin suka soke wannan tsarin, suka koma tantancewa da darasi da jarrabawa. Dattijon da ya sha wancan horon yana ganin da jikinsa ya sayi haruffan da ke ƙirjinsa, yaro kuma fom ya cika. Shi yaron a nasa ɓangaren ya bi dokar da ƙungiya ta kafa tun ba a haife shi ba, ya biya kuɗi mai yawa, ga shi ana kiransa jabu a gaban jama'a. Dole ya fice.

Abin da dattawa da yawa ba su lura da shi ba shi ne hirar da suke ɗauka raha tana iya rufe reshe. Mafi yawan jihohi suna da dokar hana azabtar da sababbin shiga, kuma a Disamban 2024 aka sa hannu a dokar tarayya da ta tilasta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuka. Dattijo ya rubuta a zaure cewa yaran nan sai an ɗan gasa su, wani ya ɗauki hoton allon ya kai ofishin kula da ɗalibai, reshen da ya yi shekara 60 a dakatar da shi. Wannan hujjar ita za ka riƙe, ba ta cewa an ɓata wa yara rai ba, domin ita ce dattijo zai ji. Kuma ba kai za ka faɗa masa ba. Ka san wannan tun daga gida: yaro ba ya yi wa babba gyara a bainar jama'a. Nemi tsaransa da yake jin nauyi, ya kira shi a waya su biyu. Yaran kuma ka bi su ɗaya bayan ɗaya ta hannun shugabannin rassansu, a ce musu an ji, an kuma yi magana.

Su ma yaran ba wankakku ba ne. Dattijo zai aiko da dala 200 don tallafin karatu, ko na gode ba zai ji ba. Zai kira a bar shi da na'urar ajiye saƙo. Za a rubuta masa da sunan yanka tsirara kamar abokin wasa, alhali al'adar ƙungiyoyin ita ce a ce ɗan'uwa wane, da sunan iyali. Rubuta wa rassan ɗalibai ƙa'ida a shafi ɗaya: amsa cikin kwana biyu, katin godiya rubutun hannu cikin mako biyu, gaisuwa kafin buƙata. Abin da Hajiya ta koya maka ne kyauta, su kuma ba wanda ya zaunar da su a kai.

Ƙorafin cewa ba a tuna su sai za a karɓi kuɗi, duba saƙonnin shekara biyun da suka wuce, za ka tarar gaskiyarsu ce. Ka sa wa kanka doka: saƙo uku da babu roƙo a ciki kafin ɗaya mai roƙo. Kuma roƙi abin da ba kuɗi ba. Mafi saurin tasiri shi ne tsohon hoto. Samo hoton reshe na 1972, ka sa a imel da takarda da Instagram rana ɗaya, ka ce wa ya gane mutanen nan. Wanda ya shekara goma bai amsa maka ba zai kira don ya gyara maka sunan na uku daga hagu, kuma kafin ya ajiye waya ka samu adireshinsa da na mutum biyu. Hotunan a ɗauke su da na'urar sikana a gidan mai su, a rubuta sunaye yana zaune. Kada a karɓi na asali da alkawarin za a dawo da shi, ba a dawowa da shi.

Haɗa yaro da dattijo kuma ka yi shi bisa sana'a, ba bisa reshe ba. Ɗalibin harhaɗa magunguna a wannan jiha da tsohon mai kantin magani a waccan suna da abin faɗa wa juna fiye da mutum biyu da reshe kawai ya haɗa. Yaron ne zai kira, minti 20, da tambayoyi uku a hannu, sau ɗaya a wata har zangon karatu ya ƙare. Fara da mutum goma-goma. In ka buɗe wa kowa a tashin farko, rabi ba za su kira ba, dattawan da suka zauna jiran waya kuma sun ƙara samun hujja.

In lokacin roƙon kuɗi ya zo, faɗi adadi da abin da za a yi da shi, kuma cikin kwana 30 da kammalawa ka aika bayanin abin da ya shigo da abin da aka kashe. Ka san amsar tambayar da dattawa za su fara yi: kuɗin da aka ba reshe kai tsaye yawanci ba a rage wa mai bayarwa haraji a kansa, wanda aka ba gidauniyar ilimi ta ƙungiya ana ragewa. Tambayi ma'aji wane asusu ne wane kafin ka buga. Kuma ko sisi kada ya bi ta manhajar tura kuɗi irin Cash App ko Venmo ta wani ɗalibi. Ba don yaron ɓarawo ne ba, don ranar da lissafi ya ɓace ba shi da abin kare kansa.

Taron nesa sau huɗu a shekara ya wadatar, sa'a ɗaya. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40 kuma mutum 100 yake ɗauka. Ku biya, domin na kuɗin ne ke ba da lambar da dattijo zai kira da wayar gida ya shiga ba tare da kwamfuta ba. Buɗe minti 15 kafin lokaci, ka sa ɗalibai biyu su taya masu fama da makirfo, a nan ma ake fara sabo. Rubuta lokaci da agogon kowace jiha. Tsakanin Niyok da Kalifoniya sa'a uku ne, ana kuma sauya agogo a Lahadi ta biyu ta Maris da Lahadi ta farko ta Nuwamba, ban da Hawai da mafi yawan Arizona. In kuna da waɗanda suka koma gida, ƙarfe 4 na yammar Niyok ƙarfe 9 na dare ne a Kano lokacin zafinsu, ƙarfe 10 lokacin sanyi. Guji farkon Disamba da ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, jarrabawa ake yi. A jerin masu magana sa rassan ɗalibai a gaba, minti uku-uku. In dattawa suka fara, lokaci zai ƙare yaran ba su buɗe baki ba. Bayanin taron ya fita cikin kwana biyu, shafi ɗaya, ta duk hanyoyin.

Abu na ƙarshe shi ne toshe inda ruwan ke zuba, in ba haka ba wanda zai gaje ka shi ma zai rubuto mana. Kowane asusun reshe, imel ne ko Instagram ko ma'ajiyar Google Drive, a ɗaura shi a kan adireshin muƙami, ba na mutum ba, kuma lambar dawo da kalmar sirri ta zama ta tsofaffin ɗalibai biyu mazauna garin. Google yana iya goge asusun da ya shekara biyu ba a taɓa ba, don haka reshen da aka dakatar ma a riƙa leƙa nasa. Sannan makon farko na Afrilu, kafin jarrabawa ta ɗauke hankalinsu, kowane mai shirin gamawa ya cika fom mai tambaya biyar: imel na kansa, lambar waya, garin da zai koma, aikin da zai yi ko yake nema, da lambar wani na gida da za a iya tambaya in ya ɓace. Shugaban reshe kada ya sa hannu a takardar sallamarsa sai ya ga fom ɗin. Kai kuma cikin kwana 30 ka miƙa sunansa ga reshen waɗanda suka gama na garin da zai sauka, ka nemi mutum ɗaya takamaimai da zai kira shi ya gayyace shi cin abinci a makon da ya iso.